Kalojero

Ranar suna, a Kasala, gindin dutsen Taka,
liman ya raɗa wa ɗana Idirisu, kowa ya shafa.
Sai na ce, a gida kuma Kalojero za mu kira shi.
Butar gahawa ta tsaya cak a hannun Gwaggo Tasalla.

"Kallon me?" in ji ta. "Kallon gero?
Tun bai buɗe ido ba ka ba shi gadin gona?"
Mata suka kwashe da dariya,
har mai jego daga cikin ɗaka.

Kawu Attahiru bai dara ba.
Ya ce kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma,
shekara bakwai a hanya, a yi noma a ƙara gaba,
sun zubar da takalma, sun zubar da haƙora,
ba su zubar da suna ko guda ba.
"Kai kuma daga nan zuwa gareji
ka kwaso mana sunan da bai san alwala ba."

Liman ya ɗan yi tari. Ya ce suna ba ya alwala,
mai sunan ke yi.
Bai ƙara ba, ya koma kan dabinonsa.

Malam Ɗayyabu, da ba a tambaye shi ba,
ya gyara tabarau ya ce na Italiya ne,
amma can ma aro ne, Girkawa suka haife shi,
fassararsa tsoho nagari, wanda tsufa ya yi wa kyau.
"Ɗan kwana bakwai ne tsoho?" in ji Tasalla,
ta miƙe za ta tafa hannu,
sai jikanta da ke goye ya motsa,
ɗan wata takwas, Dattijo muke ce masa.
Ta zauna.

Ni ban ce komai ba.
Ta ina zan fara, ga nama yana hucewa?

Babana yana ɗan shekara sha biyu, maraya,
ya tsaya ƙofar wani gareji yana kallo.
Mai garejin baƙo ne, ta Asmara ya gangaro,
gajere, mai gashi a kunne, Larabcinsa duk karaya.
Ya miƙa masa sukundireba, ya ce ɗora a kan inji,
sa kunnenka a ƙota, mota ba ta ƙarya.
Da azumi, bayan wata tsohuwar babbar mota yake ɓuya
ya ci burodinsa, don kada yaron ya gani.
Shekarar da Gash ya yi ambaliya ya cinye unguwa,
a garejin nan babana ya kwana wata uku,
shi da ƙannensa biyu da akuya.

Da ya mutu, mutum biyar suka raka shi.
Ba ɗa, ba jika, ba wasiƙa daga ko'ina.
Babana ya riƙe sunan shekara arba'in a baki
kamar goron da ba a so ya ƙare.
Daren da shi ma zai tafi ya kama hannuna
ya ce, kar ka bar sunan nan ya kwana a waje.

Yau yaron ya yi arba'in.
Tasalla Gero take ce masa, ta ƙi sauran.
Uwarsa ta ce Kalo, in tana fushi da ni ta ce ɗanka.
Kawu yana nan kan Idirisu, da ƙarfi, don in ji,
sai dai shekaranjiya na tarar da shi a zaure,
yaron a cinya, yana gwada sunan a hankali
kamar mai taka kogi bai san zurfinsa ba.

Da dare, in gari ya yi tsit,
nakan ɗora kunne a ƙirjin ɗan tsohon nan.
Injin lafiya lau.